Ku Tambayi Mai Magani: Ruwan Zinare da Masu Shansa

Tun da na taɓo maganar magungunan ƙarin kuzari a wannan fili, wasiƙu suke ta shigowa a kan abu guda, wato zinaren da ake sha. Wasu ruwa aka sayar musu a kwalba, wasu gari, wasu kuma ɗigo na yara. Na zaɓo huɗu. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ma'anar kowa ba, har da bawan Allahn da ya rubuto cikin fushi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata shekararta 58, shekara shida ke nan tana fama da amosanin gaɓɓai, irin mai kumbura yatsu da wuyan hannu. Likita ya ɗora ta a kan methotrexate sau ɗaya a mako. Sai wata ƙawata ta kawo mana kwalbar wani ruwa ja-ja, wai ruwan zinare, an rubuta 10 ppm a jiki, mililita 250. Ta ce ai ko a asibitocin Turai da zinare ake maganin amosani. Mama ta gaji da ƙwayar saboda tashin zuciyar da take sa ta, tana so ta ajiye ta koma wa ruwan. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Mene ne shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya. Kafin komai, don Allah kada ta ajiye ƙwayar nan. Wannan amosanin garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin gaɓɓai, kuma gaɓar da ta lalace ba ta dawowa yadda take. Watanni kaɗan ba magani sun isa su karkatar da yatsan da zai zauna a karkace har ƙarshen rayuwa.

Ƙawarki ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, shi ya sa maganarta ke shiga kunne. An yi maganin amosani da zinare. Wani likitan Faransa mai suna Jacques Forestier ne ya fara a 1929, kuma an shafe fiye da shekara hamsin ana yi a manyan asibitocin duniya. Ni kaina na riski ƙarshen zamanin. Lokacin da nake sabon shiga aiki a wani asibitin koyarwa, akwai 'yan ƙananan kwalaben allurar zinare mai suna Myocrisin a kabad ɗinmu, ruwan cikinsu rawaya-rawaya. Akwai wata baiwar Allah da har yau ina ganin hannunta a idona. Yatsunta duk sun kwanta sun nufi gefen ƙaramin yatsa, ko kofin ruwa sai da hannu biyu take tallafowa. Duk mako take zuwa. Kafin a taɓa allurar sai ta ba da fitsari an tsoma ɗan tsinken gwaji, an ɗebi jini an ƙirga ƙwayoyinsa. Bayan allurar kuma a zaunar da ita rabin awa ana kallonta, don wasu fuskarsu kan yi ja, jiri ya ɗebe su. An fara mata da miligiram 10 na gwaji, aka koma 50 kowane mako. Wata huɗu ba ta ga komai ba. A na biyar ta shigo tana murmushi, ta ɗaga hannu ta dunƙule a gabanmu. Ba a rufa wata biyu ba gyambo ya fito mata a baki, ƙaiƙayi ya hana ta barci, tsinken gwajin ya nuna furotin a fitsari, alamar ƙoda ta fara taɓuwa. Likita ya ce a tsayar. Da hawayenta ta roƙe shi a ci gaba, ya ƙi, kuma gaskiyarsa.

Haka maganin zinare na gaskiya yake, zuma ce da zaƙi da harbi. Kusan mutum ɗaya cikin uku kan daina shi saboda illa: ƙuraje, gyambon baki, ciwon ƙoda, wani lokaci ɓargo ya rage haifar da jini. Wanda ya daɗe a kansa fatarsa na iya rinewa ta koma toka-toka, musamman inda rana ke bugu, kuma ba ta wankewa. An fito da na haɗiya mai suna auranofin, Amurka ta amince da shi a 1985, sai ya zo da gudawa kuma bai kai allurar ƙarfi ba. Abin da ya ture su duka shi ne wannan methotrexate da Mama ke sha, don ya fi saurin aiki kuma mutane sun fi jure shi. A 2019 aka daina yin Myocrisin ma baki ɗaya. Kin ga ke nan ana so a raba Mama da maganin da ya gaji zinare, a mayar da ita baya.

To ma, abin da ke cikin kwalbarku ba shi ne na allurar ba. Na allura gishirin zinare ne, wato an haɗa zinaren da wasu sinadarai har ya narke ya iya cuɗanya da jiki. Wannan cuɗanyar ce ke kawo sauƙin, ita ce kuma ke kawo gubar. Na kwalba kuwa ƙarfen zinare ne tsurarsa, an niƙe shi ƙanana fiye da abin da ido zai gani, yana yawo a ruwa. Ƙanƙantarsa ce ke sa ruwan ya yi ja. Masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya bayyana haka tun 1857, kuma kwalabensa suna nan a Landan har yau da jansu, fiye da shekara 160 ba su sauya ba.

Rashin sauyawar nan ita ce darajar zinare. Ba ya tsatsa, ba ya ruɓa, ba ya shiga sha'anin komai. Ki tuna hadisin Arfaja bn As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa sai ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na zinare. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo shi. Zinare ya dace da wurin ne saboda jiki ba ya cinsa, shi ma ba ya cin jiki, dalilin da ya sa har gobe ake yin haƙori da shi. Maƙeri in zai narkar da zinare a ruwa sai ya haɗa asid iri biyu masu tsananin ƙarfi. Cikin ɗan Adam ɗaya kawai yake da shi daga cikinsu, shi ma tsarmamme. Saboda haka mafi yawan abin da aka sha yakan bi hanji ya wuce yadda ya shiga. Ɗan abin da ya tsallaka cikin jini kuma, gwaji a kan ɓeraye ya nuna hanta da saifa yake zuwa ya maƙale.

Yanzu ɗauko kwalbar mu yi lissafi tare. 10 ppm na nufin miligiram 10 a cikin lita guda. Taku rubu'in lita ce, wato miligiram biyu da rabi ke nan a duk kwalbar, in har abin da aka rubuta gaskiya ne. Sai an tara irinta 400 kafin a sami giram ɗaya. Allura guda ta baiwar Allahn can tana ɗauke da zinaren da ya ninka na kwalbarku kusan sau goma, a siffar da ke aiki, amma duk da haka sai da ta yi watanni kafin ta ga canji.

Na san tashin zuciyar ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma wannan matsala ce mai mafita. Ki raka Mama wurin likitanta a wannan makon, ku faɗa masa komai. Ki tambaya ko tana shan folic acid yadda ya kamata, don yana rage wannan illar ƙwarai. Wasu sukan ji daɗi in an mayar da shan da dare, wasu in an koma yi musu allurar ƙarƙashin fata maimakon haɗiya. In duk ba su yi ba akwai wasu magungunan, irin su sulfasalazine da hydroxychloroquine. Ki tafi da kwalbar a jaka ki nuna masa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da yara biyu, babban shekara huɗu, ƙaramar wata takwas. Na ga ana tallar wani ɗigo daga Indiya, an ce tokar zinare ce aka haɗa da zuma da man shanu, wai tana buɗe ƙwaƙwalwar yaro ta sa shi haddace abu da wuri. An ce ma masana sun gwada sun tabbatar zinare yana ƙara basira. Na riga na ba babban na kwana goma. In fara ba jaririyar?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Kada ka ba jaririyar, babban ma ka dakata daga yau. Wannan wasiƙar ta fi sauran tayar mini da hankali, ka yi haƙuri in na yi magana da zafi.

Dalili na farko ko zinare bai shiga ba. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin babba ke murƙushewa amma na jariri bai iya ba. In ta tsiro a cikinsa takan saki gubar da ke sanyaya jijiyoyi, yaro ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, wani lokaci har numfashi ya gagara.

Abin da aka sayar maka a Indiya ana kiransa swarna prashana, tokar kuma swarna bhasma. Tana cikin wani reshe na maganin gargajiyarsu da ake ƙona ƙarafa a haɗa da ganyaye, kuma a wajen sarrafa ta akan yi amfani da zaiba. Wani likita a Boston ta Amurka, Robert Saper, shi da abokan aikinsa sun bi shaguna sun sayi irin waɗannan magungunan na Indiya guda 70 suka auna. Sakamakon ya fito a 2004: guda 14, wato ɗaya cikin biyar, suna ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. A 2008 suka sake da guda 193 da suka saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. A rukunin da ake haɗawa da ƙarafa da gangan kuwa, wajen huɗu cikin goma ne. Ban ce kwalbarka lallai tana ciki ba. Na ce kai da ke riƙe da ita ba ka da hanyar ganewa da ido ko da harshe.

Ga abin da ke ƙona mini rai. Dalma tana cikin gubobin da suka fi cin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Jikinsa ya fi na babba tsotse ta sau huɗu zuwa biyar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da za a kira marar illa. Ba ta zuwa da zazzaɓi balle a farga. Shiru take aikinta, sai yaro ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu. Uba ya ciro kuɗinsa don ɗansa ya yi basira, a je garin neman gira a rasa ido.

Gwajin da ake ta ambata kuwa na san shi, duk mai tallar zinare shi yake ɗagawa. An buga shi a 1998. Mutum biyar aka ba ruwan zinare miligiram 30 kullum har wata guda, aka yi musu jarrabawar basira kafin da bayan, aka ce makinsu ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Mutum biyar, kuma ba wani rukuni a gefe da aka ba ruwa zalla don a kwatanta. Duk malamin makaranta ya san in ka maimaita wa ɗalibi jarrabawa iri ɗaya bayan mako huɗu zai fi na farko ci, ko da ba ka ba shi komai ba. Kuma babu ɗan shekara huɗu a cikinsu.

Jikin mutum ba ya buƙatar zinare. A jikin babban mutum akwai ɗan ɓurɓushi da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na miligiram ba, ba ya kuma yin wani aiki. Ba a taɓa samun cutar ƙarancin zinare ba. Sinadaran da ƙwaƙwalwar yaro ke yunwarsu sanannu ne, sinadarin ƙarfe na jini da aidin su ne kan gaba. Ka duba cikin fatar idon yaranka da tafin hannunsu, in sun yi fari a auna jininsu. A tabbata gishirin gida mai aidin ne, a ba su maganin tsutsar ciki a kan kari, su sami barci isasshe, ka zauna ka yi hira da su kana amsa tambayoyinsu. Shi kuma babban, ka kai shi asibiti da kwalbar a hannu, ka ce kana so a duba dalma a jininsa. Kwana goma ba su da yawa, ina fatan ba za a sami komai ba, amma a duba.

TAMBAYA: Malam, man shafawa da aka ce akwai zinare a ciki fa, da ganyen zinaren da ake liƙawa a kan kek na biki? Su ma haɗari ne?

AMSA: Ƙanwata, waɗannan da sauƙi. Ganyen zinare na gaske an yarda da shi a matsayin adon abinci, a Turai lambarsa E175, kuma wucewa yake yi ba amfani ba cuta. A dai tabbata na ci ne, don akwai na kwaikwayo da ake yi da tagulla saboda aikin ado. Na shafawa kuma, laushin da kike ji aikin man ne, zinaren ƙyalli kawai yake ƙarawa. Sai dai akwai masu fatar da ba ta shiri da zinare, har ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta ware shi a 2001 a matsayin abin da za a sa wa ido. In kin ga ƙaiƙayi ko ja a fatar ido ko inda kika shafa, ki daina.

TAMBAYA: Malam, ku 'yan boko kun cika raina duk abin da ba daga hannunku ya fito ba. Wata uku ke nan ina shan farin garin zinare da ake kira monatomic. Da kasala ta addabe ni, barci ba daɗi, yanzu garau nake tashi. Jikina ne, ni na ji. Ibn Sina da kuke alfahari da shi ai ya yi magani da zinare. Gaskiyar magana kamfanonin magani ne ba sa so a sani, don kada kasuwarsu ta mutu. In kana da adalci ka buga wannan.

AMSA: Ga shi na buga, Yallaɓai, kuma na gode. Na yarda ka ji sauƙi. Ban ɗauke ka maƙaryaci ba, ban kuma ce sauƙin a ranka kawai yake ba. Inda muka saɓa shi ne mene ne ya kawo shi.

Ibn Sina ya ambaci zinare cikin magungunan ƙarfafa zuciya da yaye baƙin ciki, haka ne. Likitocin Turai da suka biyo bayansa, irin su Paracelsus, su ma sun yi ta haɗa ruwan zinare suna ba masu hali. Tunaninsu mai kyan ji ne: tunda zinare ba ya tsufa, mai shansa ma ba zai tsufa ba. Akwai wadda ta bi wannan tunanin har ƙarshe. Diane de Poitiers, farkar sarkin Faransa Henri na biyu, ta shahara da kyau har cikin tsufanta, kuma an ruwaito tana shan narkakken zinare. Ta mutu a 1566 tana da shekara 66. A 2008 aka tono ƙasusuwanta, a 2009 likitocin Faransa suka buga abin da suka gani. Zinaren da ke cikin gashinta ya ninka na mutum lafiyayye wajen sau 500, gashin ya sirance, ƙashin ya yi rauni, har da zaiba a jikinta. Ibn Sina babban malami ne, kuma girmansa ya zo ne daga nacewa a kan lura da gwaji. A cikin littafinsa Alƙanun ya shimfiɗa sharuɗɗan gwada magani, daga ciki har da cewa sai an ga amfaninsa yana maimaituwa a mutane da yawa kafin a yarda da shi. Sharaɗinsa nake neman a cika wa garin da kake sha.

An taɓa yi wa zinare irin wannan gwajin, labarin kuma ya cancanci ka ji shi. A 1890 Robert Koch na Jamus ya ga wani gishirin zinare yana hana ƙwayar tarin fuka yaɗuwa a kwanon gwaji. A shekarun 1920 aka fito da allurar zinare mai suna Sanocrysin daga Denmak, likitoci a ƙasashe da dama suka rungume ta, suna rantsuwa marasa lafiyarsu na samun sauƙi. Su ma da idonsu suka gani, kamar yadda kai ma a jikinka ka ji. Sai wasu likitoci a wani asibitin tarin fuka kusa da Detroit suka ɗauki marasa lafiya 24, suka raba su gida biyu masu kama da juna, suka jefa kwabo don zaɓen gidan da za a yi wa zinare. Ɗaya gidan ruwa zalla aka riƙa yi musu, marasa lafiyar ba su san wanne ake ba su ba. Sakamakon ya fito a 1931. Zinaren bai taimaki kowa ba, waɗanda aka yi wa sun sha wahalar illarsa, ɗaya ma hantarsa ta lalace ya mutu. Likitocin baya ba mayaudara ba ne. Tarin fuka ciwo ne mai hawa da sauka, in sauƙi ya zo bayan allura sai a ba allura ladan. Kasala da rashin barci sun fi shi hawa da sauka. Mutum yakan nemi magani ne ranar da abin ya kai maƙura, daga maƙura kuma sauka ake yi. Ka kuma tambayi kanka abin da ya sauya a wata ukun nan: lokacin kwanciya, yawan shayi ko kofi da yamma, wata damuwa da ta wuce, ko ma natsuwar da mutum ke samu in ya ji ya fara kula da kansa. Wannan natsuwar tana da tasiri na gaske a kan barci.

Batun kamfanoni, ba zan wanke su ba, na ga son kuɗinsu da idona a shekarun da na yi ina wannan aiki. Amma son kuɗin ne ma ya sa ba za su ɓoye zinare ba. Sun sayar da shi shekara da shekaru lokacin da yake kawo riba. Yau ma suna amfani da shi. Jan layin da ke fitowa a ɗan katakon gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na juna biyu, a yawancinsu ƙananan ƙwayoyin zinare ne suka taru a wurin, irin na Faraday. Ana gwada wasu a kan ciwon dajin prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a sa su taru a cikin ƙarin a haska musu haske mai zafi su ƙona shi. Wani kamfani a Amurka ya zuba dukiya mai yawa a kan ruwan zinare na sha mai suna CNM-Au8 don cutar ALS mai shanye jijiyoyi. An gwada shi a kan marasa lafiya ta hanyar raba su gida biyu, sakamakon 2021 da na 2022 duka bai cimma babban abin da aka sa a gaba ba, ko da yake suna ci gaba da bincike. Haka nake so a yi. In gobe gwaji mai kyau ya nuna yana aiki, a wannan filin za ka fara karantawa, da sunan cutar da adadin da ake sha.

Farin garin naka kuwa asalinsa wani manomin auduga ne a jihar Arizona, David Hudson, wanda ya ce ya gano wani irin zinare a ƙasar gonarsa da na'urorin awo ba sa iya gani. Ka tsaya a kan wannan maganar da kyau. In na'ura ba ta ganinsa, ta yaya mai sayarwa ya auna abin da ya zuba maka, ta yaya kuma wani zai kama shi in bai zuba komai ba? Zinare in an niƙe shi ja yake komawa, ko shunayya, ko ruwan ƙasa. Farin gari wani abu ne daban, kuma haƙƙinka ne ka san ko mene ne, tunda cikinka yake shiga kullum.

Ka juya robar ka karanta ƙananan rubutun baya. In daga Amurka ta fito, za ka tarar da jimlar da ke cewa hukumar abinci da magunguna ba ta tantance iƙirarin ba, kuma ba a yi kayan don gano wata cuta ko magance ta ko hana ta ba. Wata doka ta 1994 ce ta ba su damar sayar da irin waɗannan kayan ba tare da sun fara tabbatar da amfaninsu ba, da sharaɗin su rubuta hakan. Mai kayan da kansa ya sa hannu a kan cewa ba magani ba ne, bakin ɗan talla ne kawai ke cewa magani ne. Ka duba kuma ko an haɗa da azurfa, don sau da yawa tare ake sayar da su. Ita azurfa taruwa take a fata ta mayar da mutum shuɗi-shuɗi, rinin da ba ya fita.

Abu biyu nake roƙonka, a matsayin ɗan'uwa. Kasalar da ta kai mutum ga neman magani tana da dalili, kuma dalilan da aka fi samu ana gano su da ɗan jini kaɗan: ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar thyroid (ƙullin wuya mai kawo maƙoƙo), ciwon ƙoda ko hanta. In kana minshari mai ƙarfi har numfashi na yankewa cikin barci, shi ma ka faɗa wa likita. Ka je a auna waɗannan, a haɗa da fitsari, ka kuma gaya musu abin da kake sha wata uku. In kana kan maganin hawan jini ko na suga, kada ka rage ko ƙwaya ɗaya saboda garin nan.

Na biyu, tunda ka ce jikinka ne shaidarka, mu ba shi dama ya yi shaida da kyau. Ka sami wanda ka amince da shi a gida, ya ɗura garin a cikin kwanson kafso guda 14, ya ɗura garin sitaci a wasu 14 masu kama da su. Ya jefa kwabo ya zaɓi waɗanda zai fara ba ka na mako biyu, sannan ya juya, ya rubuta a takarda ya ɓoye. Kai kuma kowace safiya ka rubuta awa nawa ka yi barci da yadda ka tashi. Ranar ta 29 ka faɗi waɗanne makonni ne na zinare kafin ya buɗe takardar. Ka rubuto mini abin da ya fito, ko ya goyi bayana ko ya goyi bayanka, zan buga shi a nan yadda ka aiko.